Kwalta Ce Tekunmu: Kore Mairuwa da Cinikin Abincin Matafiya

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogondutsi da Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Damagaram har Difa, ta ratsa Kore Mairuwa. Kowace rana ta Allah manyan motocin fasinja na su Rimbo da STM da Al Izza da Sonef suna bi ta kanta, ga tireloli na kaya, ga ƙananan motocin 'yan kasuwa, ga ma'aikata da ɗalibai masu tafiya hutu ko dawowa. Waɗanda suka taso daga Yamai da asuba sukan iso da hantsi, na gabas kuma sai rana ta take ko ta karkata. Duk wanda ke cikin motocin nan yana da ciki, kuma da yawansu sun bar gida ba su karya ba. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu, mu Arawan jihar Dosso, ita ce: cikin kuɗin abincin da ke wucewa a kan kwaltar nan kullum, nawa ne ke sauka a garuruwanmu?

A ganina kaɗan ne ƙwarai, kuma ba don an rasa abin sayarwa ba. Abin da matafiyi ya fi gani a yawancin garuruwan bakin hanya shi ne yara 'yan talla da faranti a ka suna rige-rigen isa tagar mota, mai tsire a can gefe hayaƙi na tashi, mai shayi da tulin burodi, da masu ruwan leda. Cinikin duka na minti biyu ne ko uku. Mota ta tashi, a bi ta da gudu ana neman canji. Wanda ya saya ya saya ne ta taga, wanda kuma ke da kuɗin cin abinci sosai yakan daure cikinsa har Dosso ko Ƙonni, ko ya kwance guzurin da aka ɗaura masa a gida. Abincin bakin hanya sana'a ce babba da muke yi wa riƙon sakainar kashi, kuma gari irin Kore Mairuwa zai iya cin moriyarta fiye da haka nesa ba kusa ba, in aka ba ta wuri da ruwa da suna.

Bari in ɗauko misali daga nesa, don wani lokaci sai ka leƙa gidan wani kake sanin darajar abin da ke ɗakinka. Hawai tarin tsibirai ce a tsakiyar tekun Pasifik. Masarauta ce mai cin gashin kanta har 1893 da aka hamɓarar da sarauniyarta, daga baya Amurka ta haɗiye ta, ta zama jiharta ta 50 a 1959. Mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, amma a 2019 kaɗai baƙi fiye da miliyan 10 suka je can hutu, galibinsu don wanka da shan iska a bakin teku. Baƙon da ya wuni a kan rairayi ba ya son shiga babban otal mai tebur da farin ƙyalle da tsakar rana. Abin da yake nema shi ne 'yar rumfa ko ƙaramin shago kusa da ruwa, ya shiga da silifa, ya nuna abin da yake so, a zuba masa, ya zauna a benci ya ci, ya koma inda ya fito. Irin waɗannan shaguna sun cika tsibiran, kuma cikin abin da suka fi sayarwa akwai burodin da aka tsaga aka cusa wa nama ko kifi, da wani abinci da ake kira poke.

A harshen mutanen Hawai, poke na nufin yanyanka abu gutsi-gutsi. Asalinsa abincin masunta ne. A yanka ɗanyen kifin da aka kamo, a barbaɗa gishirin teku, a zuba ciyawar teku da suke kira limu, a ƙara gasasshen ƙwallon wata itaciya mai suna kukui da aka daka. Shi ke nan. Da aka buɗe manyan gonakin rake, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, aka kwaso leburori daga Sin da Fotugal da Japan da Koriya da Filifin, kowa ya zo da ɗanɗanon gidansu. A hankali baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya da man riɗi da albasa suka shiga cikin poke, aka kuma koma zuba shi a kan farar shinkafa. Shekara da shekaru abincin gida ne da ake saye da awo a kantin unguwa. Sai a shekarun 2010 ya tsallaka teku, shagunansa suka bazu a biranen Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa. Yau akwai mai cin poke a Faris da ba zai iya nuna maka Hawai a taswira ba.

Kada wani ya ce ina so a fara sayar da ɗanyen kifi a Kore Mairuwa. Abincin wani gubar wani, kuma ɗanyen kifin tafki a zafin watan Afrilu hanyar asibiti ce. Abin lura shi ne yadda ake haɗa abincin. A ɗauki abin da ƙasa ta bayar, a sa gishiri, a sa ganye, a sa dakakken abu mai maiƙo, a cuɗa. To mene ne wannan in ba kwaɗo ba? Kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa, da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan barkono, shi ne poke ɗinmu. Zabarmawa na kiran sa kopto, kuma a Yamai tuni ya zama abincin da ma'aikacin ofis ke aikawa a sayo masa, a haɗa masa da dambu. Bambancinmu da mutanen Hawai ɗaya ne. Su sun ɗora abincin talakansu a kan kanta, cikin gilashi mai sanyi, da farashi a rubuce. Mu mun bar namu a cikin roba a ƙasa, ƙurar tirela na sauka a kai.

Ƙasar Arewa kuwa ba ta rasa kayan haɗi ba. Kwarin Dallol Mawri, wanda garuruwan gundumar Tibiri da ta Dogondutsi da yawa ke zaune a cikinsa ko a gefensa, wuri ne da ruwan ƙasa ke kusa, shi ya sa noman rani ke yiwuwa: salati, kabeji, tumatir, albasa, zogale. Dogondutsi ta yi suna da dankalin turawa har ana lodinsa zuwa Yamai. Gyaɗa da kwaruru amfanin gonar matanmu ne tun kaka da kakanni, su ne kuma ke matse mai su toya ƙuli-ƙuli. Wake na cikin abin da jihar nan ta fi nomawa. Kudu da mu akwai rake da gishirin Foga. Fulani na kawo nono, gidaje na kiwon zabi da kaji da awaki. Kusan duk abin da ake buƙata don a ciyar da matafiyi abincin rana mai kyau, amalanke za ta iya kawo shi bakin kwalta kafin hantsi.

Wani zai ce Hawai na da masu yawon buɗe ido da dalar Amurka a aljihu, mu wa muke da shi? Gaskiya ne ba mu da su, kuma ban ga dalilin zaman jiran su ba. Tun harin 9 ga Agusta 2020 a Kure, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a dajin raƙuman dawa, 'yan Turawan da ke bin hanyar nan don kallo suka ɗauke ƙafa. Ko a da ma, masu zuwa Lugu don ganin garin Sarauniyar da ta yi fito-na-fito da rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ba su taɓa yawan da za su riƙe kasuwa ba. Hawai kanta ta ɗanɗana kuɗarta a kan dogaro da baƙon nesa: da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, cikin 'yan makonni fiye da kashi 20 cikin 100 na ma'aikatanta suka wayi gari ba aiki. Namu baƙin sun fi nasu tabbas. Ɗan kasuwar Maraɗi, malamin makarantar da aka tura Tawa, ɗalibar jami'ar Abdou Moumouni mai komawa gida, direban tirela da yaronsa, mai zuwa biki da mai zuwa gaisuwar mutuwa, duk ba sa jiran biza kuma ba sa jiran lokacin hutu. Su teku ke kawo musu baƙi, mu kwalta ke kawo mana.

Akwai garuruwan da suka riga suka gane wannan. Ba a wuce Galmi ba a ga albasa ba, ba a wuce Madawa ba a yi zancen kilishi ba. A Najeriya, wanda ya saba bin Lokoja ya san kifinta, kuma Tafa da Mararrabar Jos sun girma ne a kan zangon direbobi. Matafiyi yakan ware kuɗinsa tun daga gida saboda garin da ya san zai samu abu kaza, har a gida a yi masa sautu. To idan aka ce Kore Mairuwa, wane abinci ne ke faɗo wa mutumin Damagaram a rai? Idan babu amsa ɗaya da kowa zai bayar ba tare da tunani ba, a nan aikin yake.

Mu yi ɗan lissafi na misali. Babbar motar fasinja tana ɗaukar mutum 60 ko fiye. Mu ɗauka 30 ne kawai za su sauka su ci abincin dala 100, wato sefa 500. Mota ɗaya ta bar jaka 15 ke nan. Motoci 10 a rana, jaka 150. A wata, sefa miliyan 4 da rabi. Ban sa tireloli ba, ban sa ƙananan motoci ba, ban sa tsarabar da za a saya a tafi da ita ba. Kuma kuɗin nan ba sa tsayawa a hannun mai dafuwa. Daga gare ta suna zuwa wurin mai lambu, da mai nono, da mahauci, da mai injin niƙa, da mai amalanke, da mai ɗinkin da za ta kai wa atamfa. A nuna mini aikin raya karkara ɗaya da zai riƙa zuba irin wannan kuɗi a gari kowane wata, ba taron bita, ba takardar rahoto, ba ranar da za a ce kuɗin aikin sun ƙare.

Abin da ke hana matafiyi sauka ya ci, tsoro ne. Mutumin da ke da sauran tafiyar awa bakwai a mota ba ya wasa da cikinsa. Yana ganin ruwan da aka wanke kwano hamsin a ciki, yana ganin hannun da ya karɓi kuɗi ya koma cikin abinci, yana ganin ƙuda a kan naman da aka gasa tun safe, sai ya sayi biskit da ruwan leda ya haƙura. Tsoron nasa kuwa yana da hujja. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma Afirka ce ta fi shan wahala, da mutum miliyan 91 masu ciwo da 137,000 masu mutuwa. Mu a nan ba mu manta kwalarar 2021 ba, wadda ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar. Kwaɗon da nake yabo shi ne ma ya fi buƙatar kulawa, tunda akwai ɗanyen tumatir da albasa a ciki kuma da hannu ake cuɗa shi. A Hawai, tun 2014 jami'an lafiya ke liƙa wa kowane gidan abinci kati a ƙofa, kore ko rawaya ko ja, gwargwadon abin da suka tarar. Baƙo na ganin koren kati zai shiga ya ci ɗanyen kifi hankali kwance. Amana ce ake sayarwa kafin abinci.

Saboda haka abu na farko shi ne ruwa. Garin da sunansa ke ɗauke da ruwa bai kamata matafiyi ya rasa inda zai wanke hannu a cikinsa ba. Ba otal nake cewa a gina ba. Fili nake nufi a gefen hanya, mai faɗin da babbar mota za ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, da rumfa mai inuwa, da benci, da famfo da sabulu, da wurin alwala da salla, da bayan gida na maza daban na mata daban. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Mata da yawa suna ƙin ci da sha tun asuba idan za su yi doguwar tafiya, don sun san in mota ta tsaya a daji maza za su zagaya bayan itace, su kuma ba su da inda za su nufa. Ku tambayi iyayenku mata da ƙannenku, za su faɗa muku. Garin da ya fara gina bayan gida mai tsabta ga mata a kan hanyar nan ya sami rabin fasinjojin kowace mota, don su ne za su riƙa roƙon direba ya tsaya.

Wa zai yi? Kore Mairuwa ɗaya ce daga kwamin huɗu na gundumar Tibiri, tare da Tibiri da Dumega da Gesheme, gundumar da aka cire daga Dogondutsi a 2011. Kwamin na karɓar kuɗin tikiti a hannun masu sana'a a kasuwa da tasha. Ko magajin gari zaɓaɓɓe ne ke kan kujera, ko wakilin da gwamnati ta naɗa kamar yadda ake yi tun 2024, mai biyan tikiti yana da haƙƙin ganin inda kuɗinsa suka shiga, kuma famfo da rumfa abu ne da ido ke gani. Sarakuna da masu gari za su iya taimakawa wajen fili. Ma'aikatan duba-gari su zo da koyarwa kafin su zo da tara: yadda ake rufe abinci, yadda ake raba mai karɓar kuɗi da mai zuba abinci, yadda ake wanke ganye. Sannan ga 'yan uwanmu Arawa da Allah Ya buɗa wa a Yamai da Kwatano da Lome da Abijan. Suna ƙoƙari wajen gina masallatai, Allah Ya saka musu. Ina tuna musu cewa shayar da matafiyi ruwa da suturta mace a kan hanya su ma sadaka ce mai gudana.

Na san za a ce kamfanonin mota suna da tashoshinsu a manyan garuruwa, kuma Kore Mairuwa ba ta da nisa da Dogondutsi, don me za a tsaya sau biyu? Magana ce mai ma'ana. Amma ba manyan motoci kaɗai ke kan hanya ba. Direban tirela da mai ƙaramar mota suna tsayawa inda suka ga dama, kuma su ne ke yaɗa labari tsakanin direbobi. Da su za a fara. Ko'ina a duniya, direba na tsayawa ne inda ake mutunta shi, inda motarsa ke da wurin ajiyewa, inda kuma ba za a ɓata masa lokaci ba. Wannan na nufin abinci ya kasance a shirye, mutum 30 su ci su tashi cikin minti 15 ko 20. Yana kuma nufin a rubuta farashi a allo, kuɗi ɗaya ga ɗan gari da baƙo. Ɗabi'ar nan ta ganin baƙo a ninka masa kuɗi, wai ai ba zai dawo ba, ita ke kashe kasuwar bakin hanya. Matafiyi ba ya dawowa ya yi faɗa, amma yana ba da labari, kuma yanzu labarin a WhatsApp yake bayarwa tun kafin mota ta fita gari. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ma gaskiya a awo ta fi kowane allon talla.

Sai maganar burodi. Dogon burodin da Faransawa suka bar mana ya zama namu, kuma burodi da ƙwai na mai shayi, ko burodi da tsire da ɗan yaji da albasa, abinci ne da ya dace da mai sauri. Ba ni da faɗa da shi. Amma mu sani cewa garin alkamar da ake yin sa daga waje ake shigo da kusan dukansa. Mun ga yadda farashin alkama ya tashi a duniya a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren, mun kuma ga yadda kayan waje suka yi tsada bayan rufe iyakoki da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023. Duk rumfar da ta dogara kan burodi da taliya da madarar gwangwani, rabin cinikinta na wasu ƙasashe ne. Ramin da Hawai ta faɗa ke nan. Ana ƙiyasin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abincin da ake ci a can jirgi ke kawo shi, har ma kifin da ake yanka wa baƙi a matsayin poke, wani kaso mai yawa daskararre ne da aka sayo daga wasu ƙasashe. Tsibiri a tsakiyar teku yana sayen kifi! Mu muna da waina da ƙosai da ɗan wake da dambu da fura da nono da gasasshiyar zabuwa, waɗanda daga hatsin har man duk na gida ne. A sayar da burodi ga mai son sa, amma abin da za a yi suna da shi ya zama namu.

Idan kuma aka yi sunan, a tsare shi. A 2018 wani kamfanin sayar da poke da ke birnin Shikago, mai suna Aloha Poke, ya aika wa wasu masu shaguna takardun lauya cewa su daina amfani da sunan, har da 'yan asalin Hawai, alhali aloha gaisuwarsu ce ta yau da kullum. Wasu sun sauya sunan shagonsu don ba su da kuɗin shari'a. Kamar a ce wani a Faris ya yi rajistar sannu da zuwa ya hana Bahaushe rubuta ta a ƙofar rumfarsa. Mu ma mun kusa ganin irin wannan, lokacin da wani kamfanin iri na waje ya nemi yin rajistar albasar Galmi da sunansa, sai da Nijar ta tashi tsaye. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar suna da rajistar asali a hukumar OAPI da ke Yawunde. Darasin ga masu abinci a Kore Mairuwa mai sauƙi ne: su haɗu a ƙungiya mai takarda, da suna ɗaya da ƙa'ida ɗaya, tun kafin abin ya yi daraja wani ya zo ya ɗora masa tambari.

A nan ne nake da fargaba mafi girma. Mun sha ganin sana'ar da mata suka riƙe tana ƙarama, ranar da ta fara kawo kuɗi sai mai jari ya shigo, matan su koma masu wanke-wanke a rumfar wani. Idan za a raba rumfuna, a fara da waɗanda ke sayar da abinci a bakin hanyar nan shekara da shekaru, cikin rana da ƙura, ba ɗan uwan wani babba ba. Kuɗin haya ya zama wanda mai kwaɗo za ta iya biya. Amfanin wannan zai kai har ga yara. Yarinyar da ke tsallaka kwalta da faranti a ka tsakanin tireloli, ba don uwarta ba ta son ta take yi ba, don ba wata hanyar isa ga mai saye ne. Hana talla da bulala ba ya aiki, tunda daga farantin nan ake samun na tuwon dare. Amma in mai saye ya sauko ya zauna a gaban uwar, yarinyar ta sami damar zama a aji, kuma an rage haɗarin mota.

Ko ledar da ta cika gonakin bakin hanya tana da alaƙa da wannan. Tun 2014 Nijar ke da dokar hana ledar nan marar kauri, amma wanda ya saya ta taga dole a leda za a ba shi, ya ci ya jefar ta taga, iska ta kai gona, akuya ta haɗiye. Wanda ya zauna ya ci a kwano ba ya barin shara a hanya.

Akwai masu cewa ƙasa na fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa, kai kana zancen kwaɗo da bayan gida. Ina girmama damuwarsu, don damuwata ce ni ma. Sai dai samarin da ke barin ƙauyukanmu bayan kaka suna tafiya ci-rani, abin yi suke nema. Matar da mijinta ya tafi ya bar ta da yara biyar, ciniki take nema. Manyan matsaloli ba sa hana gyara ƙanana, kuma wannan na cikin 'yan abubuwan da gari zai iya yi da kansa ba tare da jiran Yamai ko jiran Turawa ba. Ba sai an fara da babba ba. Rumfa ɗaya, famfo ɗaya, bayan gida biyu, mata biyar da mahauci ɗaya da mai shayi ɗaya da suka yarda da ƙa'idar tsabta da farashi ɗaya. A gwada rani guda a gani. In ta yi, sauran garuruwan hanya za su kwaikwaya ba sai an roƙe su ba, in kuma akwai gyara a gyara.

Ina kira ga hukumar kwamin ta Kore Mairuwa, da sarakuna, da ƙungiyoyin mata, da 'yan uwa mazauna waje, su zauna a kan wannan magana tun kafin wani gari ya riga mu. Motocin ba za su daina wucewa ba. Ko su wuce da kuɗinsu, ko su bar mana wani abu a ciki, wannan kam yana hannunmu. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu mata.